Awon Rigar Jagora

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

“Umma, in aka zaɓe ni, ko duniya za ta tashi da ƙafata zan zo ki auna ni. Ba zan aiko kowa ba.”

Ke kika faɗa. A nan shagon kika faɗa, kina zaune a kan teburin yanka da na hana kowa hawa, kina kaɗa ƙafa, bakinki cike da burodi. Ban roƙe ki ba. To an zaɓe ki, duniya ba ta tashi ba, kuma yau kin aiko.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na tsufa na fara yi wa kaina ƙarya littafin nan ya kama ni. Ɗaliban jami'a ne suke shirya bikin gari duk shekara. Kwana tara ake yi. A rufe tituna, a kafa dandamali a babban fili, a yi kiɗa da wasan kwaikwayo, a jera rumfuna har bakin gada. Ranar farko akwai jerin gwano daga ƙofar jami'a, wanda ɗalibai suka zaɓa yana gaba, sanye da doguwar riga da aka haɗa da ƙyalle goma sha ɗaya, ɗaya daga kowace tsangaya. Shekara goma sha bakwai ni nake ɗinka rigar nan. Sharaɗina ɗaya ne tun farko: jagora ya zo da kansa, ya hau akwatin katakon da ke gaban madubi, in auna shi da hannuna. Ba na yanka a kan lambobin wani.

Jagorar bana 'yata ce, Tsinke. Ubanta ne ya sa mata sunan, Allah ya jiƙansa, wai an haife ta kamar za ta karye. Yau kwana ashirin da shida da ta bar gida.

Sakatariyar kwamitinsu ce ta zo, wata doguwa mai tabarau. Ta ajiye ƙyallayen a leda, ta miƙo min takarda.

Na ce, “Wannan fa?”

“Awon jagora ne, Umma Tela. Ta ce ayyuka sun yi mata yawa.”

“Jagoran bara waccan ƙafarsa a ɗaure take da filasta, amma sai da abokansa suka ɗauko shi suka ɗora a kan akwatin nan. Ita me ya karye mata?”

Ta gyara tabarau. “Ni dai aiko ni aka yi.”

“Na gani. Ki koma ki ce wa wadda ta aiko ki tef ɗina bai kai har jami'a ba.”

Ta tafi ta bar takardar. Ban buɗe ba. Na danne ta da dutsen guga.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na dafa shayi kofi biyu. Hannu ne, ba ni ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Sun manna hotonta a jikin fitilar titi da ke kallon ƙofar shagona. Duk faɗin garin nan babu sandar da ta yi musu sai wannan. A karkace kuma suka manna. Na jure har azahar, sannan na tsallaka na ɓamɓare na gyara.

Mai Agogo, maƙwabcina na shekara ashirin, yana bakin shagonsa da gilashinsa a ido ɗaya.

“Malama, yanzu kwamiti kika shiga? Sashen manna fosta?”

Har yau Malama yake ce min, ko da yake rabona da aji tun kafin gashinsa ya gudu.

Na ce, “Karkataccen abu ne ba na iya gani. Kai kaɗai nake haƙuri da shi.”

“Ta yi kyau a hoton.”

“Ban duba ba.”

“Minti huɗu kika yi kina gyara takarda ɗaya. Na duba agogo.”

“Wanne daga ciki? Agogo arba'in a shagonka, babu biyu da suka taɓa yarda da juna.”

Ya yi dariya ya koma ciki. Ta yi kyau. Ta aske gashin gabanta. Rigar da ke jikinta ba tawa ba ce, hannun ya sauko mata har tsakiyar dantse.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na buɗe takardar.

Ba don in yanka ba. Dutsen gugar nake buƙata.

Wanda ya yi awon nan a kama shi a raba shi da tef har abada. Ya rubuta kafaɗa sha biyar, shi ke nan, kamar kafaɗa katako ce. Kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka da rabin inci, tun tana aji uku, saboda jakar littattafan da take ratayawa gefe ɗaya duk faɗan da na yi. In ba a rage a nan ba, riga mai nauyin ƙyalle goma sha ɗaya za ta ja ta gefe, ta yi tafiyar kilomita uku kamar mai ɗauke da tulu. Wa zai san wannan? Mai tabarau?

Ƙugu ashirin da shida.

Ashirin da tara ne. Ni na auna a watan jiya, da na yi mata siket mai ruwan toka. Ko dai wannan jakin ya ja tef kamar mai ɗaure buhu, ko kuma inci uku sun tafi a cikin kwana ashirin da tara. Na zauna ina lissafin me mutum zai daina ci har ya zubar da inci uku. Komai. Amsar ke nan.

Ba za ta ci abincin da aka sa wa albasa manya-manya ba. Sai ta zauna tana tsincewa har ya huce, sannan ta ce ta ƙoshi. Ban san wa yake yanka albasa a gidan da take ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Ƙanwata ta zo. Ita kaɗai ta san gidan ƙawar da Tsinke take zaune, kuma ta rantse ba za ta faɗa min ba. Ban tambaya ba. Sau uku ta maimaita cewa ba za ta faɗa ba, ni kuwa ina ta warware kalmasar wandon wani.

“Yaya, kira ta kawai ki ce kin yi kuskure.”

“Kuskure shi ne ka sa hannun dama a gurbin na hagu.”

“To ki ce mata abin da ya fi kuskure.”

“Ke aka aiko yau? Jiya mai tabarau, yau mai baki.”

“Babu wanda ya aiko ni. Ni abin da ya fi ɗaure min kai, da kika yi abin da kika yi, me ya hana ki ƙona wasiƙar? Mutum ya ɓoye abu, sai ya rataye shi a ƙusa?”

Na ce, “Takarda ce mai kauri.”

Ta zuba min ido kamar na yi magana da harshen aljanu. Ba tela ba ce, ba za ta gane ba. Mu ba ma yar da takarda mai kauri. Kwalin sabulu, kalandar bara, bangon rijistar makaranta, duk abin da zai tsaya a kan yadi alli ya bi gefensa, mukan yanke shi siffar kwala ko aljihu mu rataye. Hannuna ya yi abin da ya saba. Shekara biyu tana rataye a ƙusa ta uku, fuskarta ga bango. Babu mai juya takardar yanka. Babu, sai ranar da na ce wa Tsinke ta miƙo min ta kwala tana cikin hira, ta saki, takardar ta faɗi a kife, rubutun ya bayyana.

Na rubuta fiye da yadda na yi niyya.

Da za ta tafi na ba ta robar abinci. Na ce ragowa ce, kada ta lalace. Ta buɗe ta leƙa. “Ragowa, da albasa a niƙe?”

“Fita min daga shago.”

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na share ɗakinta. Babu ƙura, jiya ma na share.

Na ɗauki littafi, shafi ɗaya na karanta sau huɗu. A littattafai uwa irina takan kwanta ciwo a babi na goma sha biyu, 'yar ta rugo asibiti da kuka, kowa ya yafe wa kowa ba tare da an faɗi laifin ba. Marubuta ragwaye ne. Ni lafiyata ƙalau, abin haushi. Ko mura ta ƙi ni.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Tun safe ake gwada lasifika a babban fili. “Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu.” Shekara goma sha bakwai ina jin wannan ƙirgen, ba su taɓa kaiwa uku ba. Da can nakan so makon nan. Shagon ya cika da ɗalibai, wannan na neman fil, wancan ya yaga tutar tsangayarsa, wata na kuka saboda 'yan ganga sun ce ba za su bi bayan 'yan lissafi ba. Tsinke tana ƙarƙashin tebur tana tattara guntayen yadi. Tana da shekara bakwai ta ɗinka wa 'yar tsanarta rigar jagora, ƙyalle goma sha ɗaya cif, sai da ta ƙirga. Bana babu wanda ya leƙo. Labari ya zagaya, ko kuma an ba su umarni.

Mai tabarau ta dawo. A bakin ƙofa ta tsaya.

“Umma Tela, kwamiti ya zauna.”

“Allah ya ba shi lafiyar tashi.”

“Saura kwana goma sha biyu. Wasu sun ce in ba za ki yi ba, akwai wani tela a sabon kanti, yana karɓar awo ta waya.”

“Na san shi. Labule yake ɗinkawa. Ku kai masa, jagorarku ta fito kamar tagar otal.”

Ta danne dariya da ƙyar. Na ce, “Ita me ta ce?”

“Ba ta ce komai ba. Da aka zo ƙuri'a ta fita amsa waya.”

“Wayar ta yi ƙara?”

Ta ce, “A'a.”

Na ba ta kujera. Na zazzage ƙyallayen a gabanta don ta ga abin da suke wasa da shi. 'Yan likitanci sun kawo farin yadi mai santsi, 'yan noma sun kawo wani mai kauri kamar buhu, 'yan shari'a baƙi, kullum baƙi, kamar an yi musu rasuwa. Na ce mata mai kauri da mai santsi ba sa zama maƙwabta sai an san inda jiki yake lanƙwasa. In ka sa buhun nan a kafaɗar da ta sauka, ka gama da yarinya. Ta ce, “Wace kafaɗa ce ta sauka?” Na ce, “Kin gani?”

Kafin ta fita na tambaye ta ko jagora tana cin abinci. Ta ce tana shan shayi sosai.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta zo ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe

Mai Agogo ya shigo da rediyonsa ba sallama, ya ajiye a kan keken ɗinkina, ya fita. Hira ake da Tsinke. Tituna nawa za a rufe, ina motocin asibiti za su tsaya, wace ƙofa masu keken guragu za su bi. Ta san komai. Ba ta yi in-ina ko sau ɗaya ba. Mai hirar ya yi wata tambayar wauta, ta ce masa, “Wannan ba tambaya ba ce, fargaba ce ka sa mata riga.” Maganata ce. Da ina koyarwa, ni nake faɗa wa 'yan aji haka. Ta kwashe min kalmomi ta tafi da su, ko izini babu.

Sai mai hirar ya ce, “An ce mahaifiyarki ce take ɗinka rigar jagora. Bana abin ya zo gida ke nan.”

Ta ce, “Rigar tana hannun ƙwararru.”

Ƙwararru. Awa goma sha tara na yi ina naƙudarta, yau na zama jam'i.

Na mayar masa da rediyon. Ya ce, “Muryarta ta dushe.” Na ce ban lura ba. Zuma da lemon tsami take buƙata, da ta daina shan ruwan sanyi tana gumi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Zare ya ƙare min, baƙi. Akwai mai sayarwa a bayan shagona, amma nasa yana tsinkewa. Mai kyau sai kusa da babban fili. Don haka na je.

Sun yi nisa. Ƙarafan dandamali sun tashi hawa biyu, ana jan wayoyi, an zana layukan rumfuna da farin fenti. 'Yan rawa suna gwaji a gefe ba kiɗa, wani yana tafa musu. Na tsaya bayan motar ruwa.

Tana tsakiyar fili da takardu a hannu. Mutum shida sun kewaye ta, kowa da matsalarsa, tana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙato mai hular kwano ya ɗaga mata murya, ta bar shi ya gama, ta faɗi kalma uku ko huɗu, ya juya ya tafi yana sosa ƙeya. Na rasa ko alfahari nake ji ko kishi. Garin nan gaba ɗaya yana da ita. Mai hular kwano yana da ita. Ni ina bayan motar ruwa.

Ba jakin ne ya ja tef ba. Wandon ya yi mata yawa, ta naɗe ƙugun ta soke da fil. 'Yar tela.

Taku arba'in ne tsakaninmu, na ƙiyasta. Ido na awo ba ya hutu. Ta juyo sau ɗaya wajen motar, ta sa hannu ta kare rana. Ban sani ba ko ta gan ni. Na sunkuya kamar takalmina ya kwance, alhali silifa ne a ƙafata.

Na dawo ban sayi zaren ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Kofi ɗaya yau. Na kula sosai. Sai na ga na yanka burodi na mutum biyu.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Mai tabarau ta kawo ambulan. Ta ce, “Ta ce za ki buƙace ta wajen kwala.” Ba ta zauna ba, ta san ba alheri ta ɗauko ba.

Takardar ƙusa ta uku ce. Ranar da ta bar gida ta tafi da ita, ita da jaka ɗaya. Yau ta dawo min da ita, ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. Za ki buƙace ta wajen kwala. Na yi shekara ashirin da biyu ina wasa wuƙa, yau an gwada ta a kaina, kuma wallahi tana da kaifi. Da wata ce aka yi wa, da na yaba.

Na juya ta. Ban taɓa karantawa ba tun ranar farko. Almakashina ya cinye rabin maganar, ya bar abin da ya shiga lanƙwasar kwala. Sunanta cikakke. “Muna farin cikin sanar da ke.” Ƙasa kaɗan, “shekara huɗu, da masauki.” Can gefe, “ki amsa kafin ranar,” ranar kuma tana cikin abin da na share na zubar. Tambarin makarantar ya rabu biyu. Lambar wayarsu ce kaɗai ta tsira cikakkiya, a daidai inda maɓalli yake zama.

Wata biyar da binne ubanta wasiƙar makarantar da ta nema ta zo, ta faɗo hannuna. Wannan ba hujja ba ce, kwanan wata ne. Gidan yana amsa kuwwa a lokacin. In na ajiye cokali sai in ji ƙararsa a ɗaki uku. Garin da suke kiranta, kwana biyu ne a jirgin ƙasa. Ta yi ta zuwa gidan waya har wata uku, ta dawo ta ce, “Umma, ko ban yi musu ba ne?” Ni kuma na ce,

A'a. Ba zan rubuta abin da na ce ba. Ta san shi, na san shi.

Ranar da takardar ta faɗi a kife tambaya ɗaya ta yi min. Ba ta yi ihu ba, ina ma ta yi. Ta ce, “Kin bar ni ina zaton ban isa ba?” Na ce mata ta rage murya akwai mai gwaji a bayan labule. Abin da na ce ke nan. Ni mai baki, ni da ban taɓa rasa amsa ba tun ina 'yar shekara biyar.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na shimfiɗa ƙyallayen a tebur, na jera su yadda za su zauna. Na gyara lambobin jakin da abin da idona ya gani ranar Alhamis. Zan iya. Ko a makance zan iya yanka wa yarinyar nan riga. Na zana da alli, na ɗauki almakashi, na buɗe bakinsa a kan baƙin 'yan shari'a.

Na ajiye.

Ba sharaɗin ba ne, kada in yi wa littafin nan ƙarya. In na yanka, ba ta da sauran dalilin zuwa. Rigar nan ce kaɗai igiyar da ta rage a hannuna, ina riƙe da ita ina jira yarinyar ta biyo ta har ƙofa. Sai da na rubuta wannan layin na ga kamanninsa. Na taɓa riƙe wani abu nata don ta zauna kusa da ni. Ashe hannun bai tuba ba, yadi kawai ya canza.

Mai Agogo ya leƙo da azahar, ko da yake ba ya buɗewa ranar Lahadi. Wai ya manta tabaransa. Suna kan hancinsa.

“Malama, kin ci abinci?”

“Kai ma kwamiti ya aiko ka?”

“Ni kwamitin mutum ɗaya ne. Saura kwana shida. Rigar nan kwana nawa take ci?”

“Goma in ana so ta yi kyau. Uku in ba a son telan.”

“To kin ga.”

“Na ga me?”

“Ni dai agogo nake gyarawa. Amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya don an yi fushi da shi ba.”

“Rabin na shagonka a tsaye suke.”

“Waɗannan masu su ne ba su dawo ba,” in ji shi. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya kama bakinsa, ya fita da baya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Na kira lambar.

Sau biyu na kashe kafin a ɗauka. A na uku wata mata ta amsa, mai murya kamar ta gaji da duniya tun ƙarfe takwas. Na ce ina tambaya ne game da wata ɗaliba da aka ba gurbi shekara biyu da suka wuce ba ta amsa ba. Ta ce me ya hana ta. Na ce wasiƙar ba ta isa hannunta ba. Ta ce laifin gidan waya ne? Na ce a'a, laifin uwarta ne. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa da bakina, baƙuwa, a waya, ban ma san sunanta ba.

Wancan gurbin ya tafi, ta ce, ba ya dawowa. Amma suna ɗaukar waɗanda suka fara karatu a wata jami'a, kuma wanda suka taɓa zaɓa sunansa yana nan a wurinsu. Ana rufe karɓar takardu ƙarshen wata. Ba ta yi min alkawarin komai ba. Na je shagon kwamfuta aka buga min fom ɗin, shafi shida. Takarda mai kauri. Na sa shi a leda na ajiye can saman kabad, nesa da almakashi.

Litinin, ƙarfe 4 na yamma

Na sa Mai Agogo ya kira min mai tabarau. Ta zo tana haki, da fenti a gwiwar hannu. Na ba ta wasiƙa, na ce hannu da hannu, kuma in ta karanta a hanya zan gane daga fuskarta. Ga abin da na rubuta, na kwafe shi a nan don kada gobe in ce ba haka na ce ba:

“Tsinke. Kin ce da ƙafarki za ki zo, ba ki zo ba. Wannan laifin naki ne. Nawa ya fi naki girma, kuma ba a wasiƙa zan faɗe shi ba, na gama da wasiƙu.

Ina shago har jibi Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana, da agogon wayata ba na maƙwabcina ba. In kin zo, babu kowa a bayan labule, na sallami kowa. Ki yi tambayarki da duk muryar da kika ga dama.

In sha biyu ta yi ban gan ki ba, zan rufe shago in zo babban fili. Ba zan tsaya bayan motar ruwa ba. Zan ratso tsakiyar mutanenki, in amsa miki tambayar a tsaye, a gaban mai hular kwano da duk wanda yake da kunne: kin isa, tun ranar kin isa, ni ce na ji tsoron gida. Sannan in miƙa miki wasu takardu shafi shida. Ki cika ko ki yaga, naki ne. Bayan haka ki ɗaga hannu minti biyar in yi aikina. In kin ƙi ɗagawa zan dawo in yanka da ido, kuma za ki sami rigarki ranar Juma'a ko kina min magana ko ba kya yi. Ba zan riƙe ta ba.

Ki ci wani abu kafin in zo, ba na son in auna ƙashi.

An ce garin can akwai sanyi. Na ga wani ulu mai ruwan ƙasa a kasuwa, yadi huɗu zai yi miki kwat har gwiwa. Tsawon hannu kawai nake buƙata, sauran zan bar wuri, don za ki ciko.”